Yanke a SSMS: maɓallan da ya kamata hannu ya saba da su, da wanda ya kamata ya ji tsoro

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da na fara aiki a sashen kwamfuta na wani ƙaramin banki a Kano, kuma kusan kullum ina cikin SQL Server Management Studio. Ogana ko kallon maus ba ya yi, sai dai ka ji ƙarar madannai, kafin ka ƙifta ido ya gama. Ni kuwa komai sai na bi menu ina lalube. Na buga wata takarda mai gajerun hanyoyi sama da ɗari na manna a bango, amma har yau F5 kaɗai na riƙe, shi ma a laftof ɗina wani lokaci ba ya yin komai. Don Allah waɗanne ne suka fi muhimmanci, kuma ta yaya ake haddace su?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: a tsamo maka masu amfani daga cikin ɗarin nan, sannan a faɗa maka yadda za su zauna a hannu. Zan ƙara maka na uku da ba ka tambaya ba, domin shi ne ya fi sa ni rubuta wannan amsa da tsawo. F5 ɗin nan da ka raina, kake ganin shi kaɗai ka iya, shi ne mafi haɗari a duk manhajar, kuma ina shakkar ko ka san shi yadda ya kamata.

Fara da cire takardar nan daga bango. Ogan naka bai haddace ɗari ba. In ka zauna kusa da shi yini guda kana lura, da ƙyar za ka ƙirga goma sha biyar, su yake ta juyawa tun safe har yamma. Abin da kake gani kamar sihiri, maimaici ne kawai, irin na tela da ƙafarsa ta saba da keke har yana hira yana ɗinki.

Ga ɗan tarihi kaɗan, domin zai hana ka ruɗewa. SSMS, wato SQL Server Management Studio ɗin da kake ciki, ta fito ne tare da SQL Server 2005, ta haɗe aikin tsofaffin manhajoji biyu, Enterprise Manager da Query Analyzer. An gina ta a kan ginshiƙin Visual Studio, shi ya sa za ka ga maɓallanta gado biyu ne. Akwai na gidan Query Analyzer, irin su Ctrl+E da Alt+F1, akwai kuma na gidan Visual Studio masu hawa biyu, irin su Ctrl+K sannan Ctrl+C. Tun daga 2016 ake sauke ta daban, ba sai tare da sabar ba, kuma tana samun sabuntawa a kai a kai. Saboda haka in ka ga wata tsohuwar takarda ta ce Ctrl+Shift+C na mayar da layi sharhi, ba ƙarya ta yi ba, zancen zamanin Query Analyzer take yi. A yau in ka danna shi a kan sakamako, kwafe maka zai yi har da sunayen ginshiƙai.

F5 da abin da ka haskaka

Matsalar laftof ɗinka mai sauƙi ce. Yawancin laftof na yanzu sun ba jerin F1 zuwa F12 aikin ƙara sauti da haske, sai ka haɗa da Fn kafin su yi ainihin aikinsu. A Dell da Lenovo da yawa, Fn+Esc na kulle su su koma yadda aka san su. A HP kuwa galibi sai ka shiga BIOS ka kashe Action Keys Mode. Ko kuma ka huta da duk wannan ka koma Ctrl+E, aikinsu ɗaya da F5, kuma hannun hagu kaɗai ya ishe shi. Ni da shi nake aiki.

To ga dokar da nake so ka riƙe. A SSMS, F5 yana aika abin da ka haskaka ne kawai. In ba ka haskaka komai ba, sai ya aika duk abin da ke cikin tagar, daga layin farko har na ƙarshe. Bai damu da inda tsinken rubutu yake ba. Wannan ya bambanta da abin da aka saba a DBeaver da MySQL Workbench da Oracle SQL Developer, inda Ctrl+Enter ke gudanar da umarnin da tsinken yake kai shi kaɗai. Wanda ya taso daga can ya shigo SSMS yakan ɗauka nan ma haka ne, ya ajiye tsinke a kan SELECT ya danna F5, alhali can ƙasan tagar akwai wani DELETE da ya rubuta jiya ya manta.

Ɗaya fuskar kuma ita ce ta same ni. Shekarun baya, a wani kamfani da na yi wa aiki, an ce in gyara lambar wayar abokin ciniki guda ɗaya. Na rubuta umarnin layi uku: UPDATE a sama, SET a tsakiya, WHERE a ƙasa. Na ja maus na haskaka, hannuna ya tsaya a ƙarshen layi na biyu, na danna. La'asar ta yi, hankalina rabi yana kan alwala. Ina jiran a ce layi ɗaya ya canja, sai na ga lamba mai tsawo a ƙasan allo. Duk mutanen da ke cikin teburin nan sun koma masu lambar waya ɗaya. Sabar ba ta yi laifi ba, UPDATE da SET ba tare da WHERE ba cikakken umarni ne, abin da na ba ta shi ta yi. Allah Ya taimake ni akwai ajiyar daren jiya, amma sai bayan isha na bar ofis, kuma duk lambobin da aka shigar tun safe sai da aka bi takardu aka sake shigar da su. Sauri ya haifi nawa.

Tun daga ranar na sauya yadda nake rubuta duk wani umarni mai canja bayanai. Na farko, ba na raba WHERE da abin da ke gabansa. Nakan bar kalmar WHERE a ƙarshen layin SET, sharaɗin kuma ya sauka layi na gaba. Kamanninsa ba kyau, na sani, amma in hannu ya sake yanke layin ƙarshe, abin da ya rage guntu ne, sabar za ta ƙi shi da kuskure. Na biyu, ina fara rubuta shi a matsayin SELECT da wannan sharaɗin, in ga layukan da idona, sannan in mayar da shi UPDATE. Na uku, BEGIN TRAN a sama, wanda ke riƙe canjin a matsayin na wucin gadi har sai ka tabbatar da shi. In gudanar, in duba adadin layukan da aka taɓa, in ya yi daidai in rubuta COMMIT ya tabbata, in bai yi ba ROLLBACK ya warware.

Sai dai wannan na ukun yana da nasa tarkon, kuma a banki zai fi cizo. Muddin ba ka yi COMMIT ko ROLLBACK ba, layukan da ka taɓa a kulle suke. Ka tafi cin abinci ka bar shi a buɗe, sai ka dawo ka tarar masu karɓar kuɗi suna ta kiran waya wai manhaja ta tsaya. Kafin ka tashi daga kujera, gudanar da SELECT @@TRANCOUNT a wannan tagar, zai ƙirga maka BEGIN TRAN nawa ka bari a buɗe. In ba sifili ka gani ba, ba ka gama ba. Akwai kuma zaɓin SET IMPLICIT_TRANSACTIONS a ƙarƙashin Tools, Options, Query Execution, SQL Server, ANSI, wanda ke buɗe maka hakan da kansa. Wasu na son sa. Ni ba na ba sabon shiga shawararsa, domin yana barin abu a buɗe ba tare da ka ga inda ka buɗe shi ba.

Abu na ƙarshe a wannan babin ba maɓalli ba ne, launi ne. Lokacin da kake haɗawa da sabar, danna Options, shiga Connection Properties, ka zaɓi Use custom color. Ba sabar aiki ta gaske ja, ta gwaji kuma kore. Layin ƙasan tagar zai ɗauki launin. Minti ɗaya ne aikin, amma ranar da kake da taga takwas a buɗe duk kamanninsu ɗaya, jan nan ne zai riƙe maka hannu.

Waɗanda nake dannawa kullum

Ctrl+N na buɗe sabuwar taga da haɗin da kake kai. Ctrl+U na kai ka akwatin zaɓen rumbun bayanai da ke sama, ka rubuta harafin farko ka danna Enter. Ctrl+Tab na yawo tsakanin tagogi. Ctrl+R na ɓoye sakamako ko ya dawo da shi, wanda a ƙaramin allon laftof ba ƙaramin taimako ba ne. F6 na tsallakawa tsakanin wurin rubutu da wurin sakamako. Waɗannan ba su buƙatar dogon bayani, gwada su sau biyu ka gane.

Ctrl+K sannan Ctrl+C na mayar da layukan da ka haskaka sharhi, Ctrl+K sannan Ctrl+U na dawo da su. Ba sai ka saki Ctrl ba, riƙe shi ka taɓa K ka taɓa C. Wannan shi ne abokin F5: duk wani umarni mai haɗari da ka gama da shi, mayar da shi sharhi nan take, kada ka bar shi tsirara a cikin taga.

Alt+F1 kuwa, in da za a ce in zaɓi guda ɗaya bayan Ctrl+E, shi zan ɗauka. Danna sunan tebur sau biyu ya haskaka, ka danna Alt+F1. Zai kira sp_help, ya zubo maka ginshiƙan teburin, nau'in kowanne da tsawonsa, wanda ke karɓar NULL da wanda ba ya karɓa, fihirisan da ke kansa, da alaƙarsa da sauran tebura. Abin da kake buɗe jaka huɗu a Object Explorer, jerin rumbuna da tebura na gefen allo, kana nema ke nan. Ctrl+1 na kiran sp_who, mai nuna waɗanda ke haɗe da sabar, Ctrl+2 na kiran sp_lock, mai nuna abin da ke kulle, dukansu a shirye suka zo.

Inda daɗin yake shi ne sauran guraben a buɗe suke, kai za ka cika. Je Tools, Options, Environment, Keyboard, Query Shortcuts. A gurbin Ctrl+3 rubuta SELECT TOP 100 * FROM ka bar sarari ɗaya a ƙarshe. A Ctrl+4 rubuta SELECT COUNT(*) FROM haka nan. Manhajar tana ɗaukar abin da ka haskaka ta liƙa shi a bayan abin da ka ajiye, don haka daga yau sunan tebur kawai za ka haskaka ka danna Ctrl+3, layi ɗari su bayyana. A Ctrl+F1 nakan sa sp_helptext, domin ganin rubutun da ke cikin wani tsari da aka adana. In ogan naka ya girka sp_WhoIsActive, wanda Adam Machanic ya rubuta, ba shi gurbi shi ma, ya fi sp_who nuna wanda ya tare wa wani hanya nesa ba kusa ba. Ka lura, sauyin ba ya aiki a tagar da take buɗe tun da farko, sai ka buɗe sabuwa. Mutane da yawa a nan suke cewa abin ba ya yi. Kuma don Allah kada ka taɓa sa DELETE ko DROP a waɗannan guraben, na taɓa ganin wanda ya yi.

Akwai wani abin haushi da kowane sabo ke cin karo da shi. Ka ƙirƙiri tebur yanzu-yanzu, yana nan, umarni na gudana lafiya, amma manhajar ta ja jan layi a ƙarƙashin sunansa wai ba ta san shi ba. IntelliSense, mai taya ka cika sunaye kana rubutu, ce ke riƙe da tsohon jeri. Ctrl+Shift+R na sa ta sake karantowa. In kuma kuskure na gaske ne ya fito da ja a ƙasa, danna saƙon sau biyu, zai kai ka layin. Kada ka yarda da lambar layin da ke cikin saƙon kai tsaye, domin tana ƙirgawa ne daga farkon abin da aka aika, ba lallai daga saman tagar ba.

Rubutu a tsaye

Wannan ita ce dabarar da ta fi ba mutane mamaki, kuma ina kyautata zaton ita ce ka ga ogan naka yana yi. A ce an turo maka lambobin asusu arba'in a Excel, ana so ka nemo su. Kowace sai an sa mata alamar zance gaba da baya da waƙafi. Ka manna su a taga, ɗaya a kowane layi. Ajiye tsinke a farkon layin farko, riƙe Alt da Shift, ka yi ta danna kibiyar ƙasa har layi na arba'in. Za ka ga wani siririn layi ya sauka a tsaye. Danna alamar zance sau ɗaya, ta fito a layi arba'in a tare. Tun da lambar NUBAN, wato lambar asusun banki, goma ce cif, dukansu tsawonsu ɗaya, sai ka maimaita a ƙarshen layukan ka sa alamar rufewa da waƙafi. Aikin minti goma ya koma na daƙiƙa ashirin. Da maus ma ana yi, ka riƙe Alt ka ja.

Gargaɗi ɗaya ga mu masu madannan Hausa a kwamfuta: a Windows, Alt na hagu da Shift su ne kuma ke sauya harshen rubutu. In ka danna su ka saki ba tare da kibiya ba, harshe ya juya, sai ka ga alamomi na fitowa ba inda ka saba ba. Duba kusurwar ƙasa kusa da agogo, ka mayar da harshen ta danna maɓallin Windows da Space.

Tun da zancen Hausa ya taso, bari in ratse kaɗan. In za ka adana suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ, kamar Ɗanladi ko Ƙofar Mata, ginshiƙin ya zama NVARCHAR, kuma ka sa N kafin alamar zance, wato N'Ɗanladi'. In ka manta N ɗin nan, ko ginshiƙin VARCHAR ne na yau da kullum, harafin mai ƙugiya kan lalace ya koma alamar tambaya, kuma ba ya dawowa. Daga SQL Server 2019 ne aka samu damar adana UTF-8 a VARCHAR, shi ma sai an zaɓi tsarin da sunansa ya ƙare da _UTF8.

Sauran ƙananan na gyaran rubutu: Ctrl+Shift+U manyan haruffa, Ctrl+Shift+L ƙanana, Ctrl+Shift+V kuma na zagayawa cikin abubuwan da ka kwafa a baya, ba na ƙarshe kaɗai ba. Sannan in kana son sunayen duk ginshiƙan tebur, kada ka rubuta su. Buɗe teburin a Object Explorer, ja jakar Columns ɗungurungum ka sake ta a cikin taga, za su zubo da waƙafinsu.

Da ka kwafi sakamako da Ctrl+Shift+C za ka kai Excel, ka yi hattara. Excel na cinye sifilin farko, 0803 ya koma 803, lambar asusu mai farawa da sifili ta rage tara. Lambar waya mai 234 a gaba kuwa sai ta koma wani abu mai E+12. Mayar da ginshiƙin Excel ɗin Text kafin ka manna, ba bayan ka manna ba.

Idan umarni ya ƙi ƙarewa

Alt+Break ke tsayar da umarnin da ke gudana. Laftof da yawa ba su da maɓallin Break, a ThinkPad Fn+B ne ke tsaya masa, in kuma ka rasa, ɗan murabba'in da ke kusa da Execute na nan. Sai dai ka sani tsayarwa ba ta nufin an gama nan take. In UPDATE ne babba, sabar sai ta warware duk abin da ta riga ta yi, kuma warwarar kan ɗauki lokaci kamar aikin, wani sa'in fiye. Rufe manhajar da ƙarfi ba ya gaggauta komai.

Gara ka duba tun kafin ka saki. Ctrl+L na nuna maka hanyar da sabar ke shirin bi ba tare da ta gudanar da komai ba. Ctrl+M kuwa kunna shi ake yi, sai ka gudanar, ta nuna hanyar da ta bi da gaske. Karanta hoton daga dama zuwa hagu. Kaurin kibiya na nuna yawan layukan da ke wucewa. In ka ga kibiya mai kauri ta fito daga Scan a kan babban tebur, alhali layi biyar kake nema, nan ne ciwon. Kason da aka rubuta a ƙarƙashin kowane hoto ƙiyasi ne, ko a hanyar gaske, kada ka ɗauke shi kamar awon ma'auni. Koren rubutun da ke ba ka shawarar ƙirƙirar fihirisa ma shawara ce kawai, kai wa ogan naka ya gani kafin ka taɓa sabar banki.

Yadda ake haddacewa

Ba a haddacewa, sabawa ake yi. Ɗauki uku a mako, ka rubuta a 'yar takarda ka liƙa a gefen allo. Ƙa'idar ita ce in ka kama kanka ka yi abin da maus, ka warware ka sake yi da madannai, ko da ya fi ɗaukar lokaci. Kwana biyun farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu. Makon farko ka ɗauki Ctrl+E, Alt+F1 da na sharhi. Na biyu Ctrl+N, Ctrl+U, Ctrl+R. Na uku ka cika gurabenka na Ctrl+3 da Ctrl+4, ka koyi rubutu a tsaye. Menu ɗin ma malami ne, domin a gefen kusan kowane umarni an rubuta maɓallinsa, kai ne ba ka kallo.

Duk abin da na lissafa yana kan tsarin da manhajar ke zuwa da shi ne. Ban ga kwamfutarka ba. In wani ya riga ka zama a kanta ya sauya, ko an girka ƙarin kaya irin su SQL Prompt na Redgate da ke kama wasu maɓallan, za ka ga bambanci. A shafin Keyboard akwai Reset da ke mayar da komai asali. In ka gama shirya naka, fitar da shi ta Tools, Import and Export Settings ka ajiye fayil ɗin, ranar da aka canja maka laftof za ka gode wa kanka. Haka kuma dabarun kariyar da na ba ka na hannu ne, ba su maye gurbin ajiyar da aka gwada dawo da ita ba, ba su kuma maye gurbin iyakance izini ba. In aikinka na yau da kullum duba bayanai ne da fitar da rahoto, je ka roƙi ogan naka ya buɗe maka asusu na biyu mai db_datareader kaɗai, wato izinin karantawa kawai, a sabar gaske, ka riƙa zama a cikinsa, mai ikon rubutu kuma sai ranar da aka ce ka gyara wani abu.

Da yake wutar lantarki ba ta da alƙawari, kuma batirin laftof ɗin ofis ka san halinsa, leƙa Tools, Options, Environment, AutoRecover. Minti 5 aka sa masa yana adana kwafi, ni nakan mayar da shi 2. In wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu kana tsakiyar BEGIN TRAN, sabar za ta warware aikin da zarar ta gane haɗin ya yanke, amma ganewar kan ɗan ɗauki lokaci, kuma kafin nan layukan na kulle. Da ka dawo, gudanar da DBCC OPENTRAN, mai nuna aikin da ya fi daɗewa a buɗe a rumbun, ka tabbatar babu abin da ya rage da sunanka kafin ka ci gaba.